Sakwara a Gindin Farin Ruwa

"Ka ci mana, Hamman... don Allah ka ci!"

Mnena ce ke roƙonsa, rugugin ruwan da ke zubowa daga saman dutse yana neman haɗiye maganar.

Hamman bai ɗago ba. Ga sakwara da miyar kaza a gabansa kan falalen dutse, amma ya ƙura wa takalminsa ido kamar yau ya fara ganinsa.

Da ƙyar da jiɓin goshi ta shawo kan yayanta Iorkyaa ya yarda zai zauna da saurayin nata. Ya ce ban da gidansu na Lafia, ɗan masu shanu ba zai taka masa tsakar gida ba tukuna. Shi ya sa suka ratso daji a ƙafa, suna fama da saiwoyi da santsi, har gindin Farin Ruwa. Sharaɗinsa ɗaya ne, a ci a kwano guda, don a wurinsu wanda ya ci abincinka ya zama ɗan gida.

Ngodoo, ƙawarta da ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan Hamman, ta taɓe baki.

"Broda, ban gaya maka ba? Ƙyamar abincinku yake yi."

Iorkyaa ya miƙe, ransa a ɓace.

"Kaza ɗin nan Musulmi ya yanka, a gabana! Mu ba mutane ba ne? Mnena, tashi. Magana ya ƙare!"

Mnena ba ta bi shi ba. Ta durƙusa kusa da Hamman, hawaye sun wanke mata fuska.

"Masoyi, za ka bari a raba mu a kan loma ɗaya?"

"Hasken idona..." in ji Hamman, gumi na tsattsafo masa duk da sanyin wurin. "Surukina ne fa. Mu ba ma ci a gaban suruki. Wallahi hannuna ya ƙi ɗaguwa."

Ta zabura ta sha gaban yayanta, wanda har ya kama hanyar daji.

"Yaya, kunyarka yake ji! A wurinsu ba a ci a gaban suruki. Girma ya ba ka!"

"Ƙarya ne, abeg!" in ji Ngodoo.

Iorkyaa ya daɗe yana kallon saurayin da ya kasa ko haɗa ido da shi.

Can sai ya ajiye jakarsa, ya juya wa kwanon baya.

"Kowa ya kalli ruwa, ai shi muka zo gani. Har ke, Ngodoo!"

Ya ɗaga murya yadda za ta fi ƙarfin rugugin.

"Suruki! In na juyo na ga sakwara ya rage, babu aure!"

Mnena ta saci kallo tana dariya da hawaye. Hamman ya riga ya naɗe hannun riga.