Albarkar da Mama Za Ta Manta

"Ki buɗe idonki, Msurshima! Mutumin nan gidan yake so, ba ke ba!"

Yayanta Iorfa ne a waya daga garin Obi, amma kai ka ce a kanta yake tsaye.

"Haba Broda... Ɗanladi fa?"

"Shi ɗin! Maman Ferdinand ta gaya mini komai. Kina fita makaranta zai faka mashin ya shige wurin Mama. Me yake nema wurin tsohuwar da ba ta riƙe komai? Abeg kar ki zama mumu, wawuya. Wata rana za ki ji Mama ta ba shi gida kyauta!"

Ƙit ya kashe. Ta bi wayar da kallo.

Tun bayan rasuwar Baba ciwon mantuwa ya kama Mama. Tana gane Msurshima, tana tuna waƙoƙin coci, amma sauran duniya kullum sabuwa ce a wurinta. Manyan Ɗanladi sun zo neman aurenta daga Agyaragu, kawunnanta sun amsa musu, ita ce ta kafe: ba za a sanar da aure a coci ba sai Mama ta warke, ta sa albarka da hankalinta. Damina ta zo ta wuce. Ɗanladi ya daina ma yi mata zancen.

Wannan shirun ne yanzu ya dawo yana cinta. Namijin da ke sonka zai yi shiru haka? Kuma me ya sa bai taɓa gaya mata yana zuwa ba?

Washegari ta sa kayan aiki ta fita kamar za ta makarantar da take aiki, ta gaida Maman Ferdinand, maƙwabciyar da ke duba mata Mama. Sai dai ba ta kai titin Bukan Sidi ba ta zagayo ta lungun baya, ta shige kicin ta laɓe.

Ba a jima ba ta ji ƙarar mashin.

Ta kafar ƙofa ta hango shi, da rigar kafinta duk garin katako, ya durƙusa gaban Mama a gindin mangwaro.

"Msugh, Mama."

Mama ta janye zaninta tana harararsa. "Kai wane ne? Wa ya koya maka gaisuwar Tibi da wannan bakin naka? Ɓarawo ne?"

"A'a Mama. Sunana Ɗanladi."

"Duk ɓarayi suna da suna. Me ka zo ɗauka?"

Msurshima ta dafe bango. To, yau za ta ji.

"Abu mafi tsada a gidan nan, Mama."

Wayyo Yesu... ashe Broda ya yi gaskiya!

"'Yarki nake so. Msurshima. Na zo ki sa mana albarka."

"Tab!" Mama ta tafa hannu. "Da wannan siraran hannuwan? Ka iya tada kunyar doya?"

"Jiya kin ce kaina ne ya yi girma, yau kuma hannu..." ya faɗa yana dariya.

Ba ta san lokacin da ta banko ƙofar ba.

"Dee! Me kake yi haka?"

Ya miƙe a firgice. "Shima... ba ki je aiki ba?"

"Amsa ni! Broda ya ce gidanmu kake nema."

Fuskarsa ta canza. "Ke kuma kin yarda?"

Ta kasa kallonsa. "To me ya sa kake zuwa a ɓoye?"

"Don na san za ki hana. Za ki ce ina wahalar da ita." Ya sauke murya. "Kullum ina tambayarta, Shima. Wata rana ta kore ni da tsintsiya. Wata rana ta amince, har ta ɗora mini hannu a ka."

"Ta amince?" Hawaye suka zubo mata. "Kuma ba ka gaya mini ba?"

"Da na gaya miki me za ki ce?"

"Zan ce... gobe za ta manta. Ina amfanin albarkar da ba za ta kwana ba?"

"Masoyiyata, ita za ta manta, Allah ba zai manta ba." Ya matso. "Kina jiran wata Mama da za ta dawo gobe. Wa ya yi miki alkawarin goben? Ga wadda Allah ya ba ki yau, a zaune, tana zagin hannuwana. Kullum a coci muna roƙon abincin yau, ke kaɗai kika ce sai na gobe za ki karɓa."

"Ina tsoro, Dee..." ta fashe da kuka. "In na yarda, kamar na yarda ke nan ba za ta warke ba."

"Kai!" Mama ta daka tsawa. "Me ka yi wa 'yata take kuka?"

Msurshima ta zube a gabanta, ta kifa kai a cinyarta. "Ba abin da ya yi, Mama. Sonsa nake."

Mama ta daɗe tana ƙare masa kallo, sama da ƙasa.

"Wannan ɗin? To... zo nan. Durƙusa."

Ta haɗa hannuwansu cikin nata, ta rufe ido. Addu'a ta dinga zubowa da Tibi tiryan-tiryan, ba gargada ko ɗaya, irin wadda take yi musu tun suna yara. Msurshima na kuka, Ɗanladi na ta "Amin" duk da rabin maganar ba ya ji.

Mama ta buɗe ido. Ta dubi hannun da ke riƙe da na 'yarta, ta haɗe rai.

"Kai kuma wane ne?"

Ɗanladi ya buɗe baki zai fara daga farko, Msurshima ta matse hannunsa ta riga shi.

"Surukinki ne, Mama. Ran Lahadin nan za a sanar a coci."