Santimita Biyu

Ranar da ta fara shiga shagonsa ko sallamarta bai ji ba, ƙarar injin yankan ƙarfe ta cika wurin. Sai da ta bubbuga ƙofa da hannu sannan ya ɗage gilashin walda, ya ga budurwa a kan keken guragu, kafaɗunta kamar na ɗan dambe, idanunta kuwa masha Allah.

"Malam, kujera nake so."

"Ta falo ko ta makaranta?"

"Ta jifa."

Ta miƙa masa takarda. Ita 'yar wasan jifan faifai ce, faifan ƙarfe mai kilo ɗaya. Shan inna ya riƙe mata ƙafafu tun tana shekara uku, don haka a zaune take jifa, a kan kujerar ƙarfe da ake kafewa a ƙasa, a ɗaure ta a kai da bel. Doka ɗaya ce: tsayin kujerar, har da soson zama, kada ya wuce santimita saba'in da biyar.

Ya jujjuya takardar. "Wa ya yi zanen nan? Ko kaza ce ta bi ta kai?"

Ta saki baki. Duk inda ta shiga da "sannu, baiwar Allah" ake tarbarta. Yau ga wani ya raina mata zane, kuma abin ya yi mata daɗi har ta ji haushin kanta.

Kujerar kwana biyar sai ta ci wata guda. Yau a zo gwaji, gobe a zo gyara. Ya sa mata suna Majaujawa, ita kuma ta sa masa Tartsatsi. Ko tana filin atisaye hannunta na kan waya.

"Majaujawata, yau mita nawa kika wurga? Zuciyata dai kin wurga ta inda ba tef ɗin da zai auna."

"Tartsatsi, ka bar zaƙin baki ka gyara min maƙamin hagu, yana rawa."

"Ni ma rawar nake yi, wa zai gyara ni?"

Da maganar ta kai kunnen Abbanta, sai ya tuɓe tabarau ya ajiye a kan gwiwa.

"Uwata, ki saurare ni. Tausayinki yake ji, ba so ba ne. Tausayi kuwa ruwan sama ne, yana ɗaukewa. Ga likitan da ke gasa miki ƙashi, ya san lalurarki, zai kula da ke."

"Abba, ni ba jinya zan je ba, aure zan yi."

Ta faɗa da ƙarfinta, amma maganar ta shige ta kamar ƙaya. Tana cin abinci tana juya ta, tana jifa tana juya ta. Ta yi ta zagaye tsakar gida da keke har Yayarta ta ce, "Ke, za ki cinye simintin nan!" Duk ruwan da Tartsatsi ya miƙo mata, duk ƙofar da ya riƙe, sai ta tambayi kanta: so ne ko tausayi?

Ranar gasar zaɓen tawagar ƙasa, alƙalin wasa ya ɗora tef a jikin kujerarta, ya sake ɗorawa.

"Saba'in da bakwai. Ba za ki hau wannan ba. Minti ashirin gare ki."

Ta danna soson da yatsa. Ba nata ba ne. Wannan sabo ne, mai kauri, mai laushi, an lulluɓe shi da tsohuwar ledar don kada ta gane. Ta ɗauki waya ta rubuta wa Tartsatsi:

"Wa ya ce ka tausaya min? Abba ya yi gaskiya."

Ai kafin ta ajiye wayar Tartsatsi ya tsallako kujerun 'yan kallo yana haki.

"Shekaranjiya na ga jini a kan kujerar," ya ce. "Ƙarfen yana yankarki kina ɓoyewa. Na kasa jurewa."

"Shekara shida ina jurewa! Jinina ne, ni na ga damar zubar da shi. Kai kaɗai ne ba ka taɓa ce min sannu ba, ashe a cikin soso ka ɓoye taka."

Ya sunkuyar da kai. "Na yi laifi. Gaya min abin da kike so, ba abin da nake so miki ba."

"Cire shi."

Ya zaro wuƙa daga aljihu ya farke ledar, ya fizge soson. Aka auna, kujera ta yi daidai da doka. Ta hau kan zallar ƙarfe, ya durƙusa yana ɗaure mata cinyoyi. Idan jikinta ya ɗaga daga kujera lokacin jifa, an soke jifan, amma duk mai ɗaure ta sai ya sassauta da zarar ta yamutsa fuska.

Ta yamutsa fuska. "Ƙara."

Ya ja.

"Ƙara."

Idonsa ya ciko, amma ya ja har bel ɗin ya yi ƙara.

Jifan farko ya faɗi nan kusa. Daga cikin 'yan kallo likita ya ɗaga murya, "Ba komai, kin yi ƙoƙari!" Sai ga muryar Tartsatsi ta keto fili:

"Majaujawa! Jifa ne wannan ko gishiri kike miƙa wa maƙwabta?"

Dariya ta kuɓuce mata, kafaɗunta suka saki. Ta damƙi maƙamin, ta karkace, ta saki faifan da ihu. Ya tashi, ya yi ta tafiya kamar ya manta da ƙasa, ya dira bayan jan layin cancanta.

Abba ya sauko daga cikin 'yan kallo a hankali. Ya daɗe yana kallon shatin bel a jikin wandonta, da soson da ke yashe a ƙasa.

"Shekara ashirin ina sassauta miki komai, Uwata," ya ce. "Ashe mai tausayin da nake jiye miki, a gidana yake." Ya juya ga saurayin. "Kai, mai bakin nan. Ka turo manyanka."

Wata uku bayan nan aka ɗaura aure. Da amarya ta shiga gidanta, ta tarar ango ya ƙera komai daidai hannunta, daga teburin girki har maratayin lambobin yabo. Ta zaro tef daga jaka tana harararsa.

"Santimita nawa ka ƙara?"

"Ko ɗaya, ranki ya daɗe. Auna ki gani."

Ta auna, ya yi cif. Abba da ke bakin ƙofa ya share ido da hannun riga.

"Allah Ya ɗaure ku tamau, Ya hana kowa sassautawa. Allah Ya yi muku albarka."

Suka haɗa baki, "Amin, Abba."