Wasan Tubalan Abba

Sadiya ta jefar da wayar Umaima kan gado.

"Wa ya ɗauki bidiyon nan?"

"Muryar wa kika ji?" in ji Umaima, 'yar ƙanwar Mama, tana gyara ɗankwali. "Sharhabil ɗinki ne. Abokansa ya tura wa."

Abba ne a ciki, zaune a falonsu na Hayin Banki, gaban tsohuwar kwamfutarsa. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta raba shi da ofis, ba abin da ke sa shi murmushi sai wasan nan na da, na jera tubala masu faɗowa. Sharhabil ne ya saka masa, ya ce irinsa ba ya neman intanet, ba ya wahalar da tsohon inji. Ranar Sadiya ta fara sonsa.

Yau ga shi ya hasko yawun da ke gangara gemun Abba, yana ƙyaƙyata dariya.

"Ku ga surukina, zakaran duniya..."

Bayan la'asar Sharhabil ya zo. Turarensa da take ƙauna ne ya fara tayar mata da zuciya.

"Rabin raina, wasa ne fa..."

"Sau nawa ka goge masa baki a gabana?"

"Makircin Umaima ne. Ni take so, kin sani."

"Na sani. Ita ta zuba maka dariyar a baki?"

Ya matso, ta ja da baya kamar mai kauce wa ruwan kwata.

Mama ta tare ta a ƙofar kicin.

"An sa rana, Sadiya. Me zan ce wa dangi?"

"Mama, kwano ɗaya da shi? Wallahi abincin ba zai zauna min ba."

Ta miƙa mata wayar. Mama ba ta kai ƙarshe ba ta kife ta. Da kanta ta jawo akwatunan lefe tsakar gida.

Washegari Abba ya kira ta, harshensa na harɗewa.

"Yaron nan bai zo ba? Na wuce makinsa."

"Ba zai ƙara zuwa ba, Abba."

Ya daɗe yana kallon jajayen idanunta. Bai tambayi dalili ba.

"Jawo kujera, uwata," ya ce. "Dogon tubalin nan da ke saukowa, kwantar da shi ake yi."