Rabin Hoto

"Ki cire kanki daga ciki."

Ko zama Yaya ba ta yi ba, ta dangwarar da hoton a kan teburin shagon. Auta ta tsayar da injin wanke hoto, ta duba. Mijinta ne cikin kakin soja, ita tana gefensa. Ana gobe zai tafi yaƙi ƙasar waje ta saita kyamara ta ruga ta tsaya kusa da shi. Bai dawo ba, ko gawarsa ba a kawo ba.

"Jibi shekara guda cif da rasuwarsa," in ji yayar tasa. "Mama na so a faɗaɗa shi a rataye a falo. Shi kaɗai."

"Ni kuma fa, Yaya?"

"Ke yarinya ce, ba ɗa ba jika. Gobe wani zai ɗauke ki, mu zauna muna kallon matar wani a bangonmu?"

Kai! Maganar ta soke ta har ƙahon zuci. Wata bakwai kacal suka yi tare, shi ne za a goge da linzamin kwamfuta?

"Wallahi ba zan fita ba!"

"Auta..."

"Ko miji goma na aura, ni ya aura! Ni na goge masa takalmin nan da kike gani, ni na ɗinke maɓallin aljihun nan yana tsokanata!"

"To sai in kai wani shago."

"Tsaya, ba sai kin wahala ba. Zo ki gani."

Auta ta buɗe hoton a kwamfuta, ta ja layi, ta yanke kanta daga ciki. Sai ga shi nan shi kaɗai, wuya a karkace, yana ƙyalƙyala wa bango dariya kamar wanda ya zare.

"Ga ƙaninki. Ba kyamara yake kallo ba, Yaya, ni yake kallo. Duk wanda ya shigo falo zai tambayi Mama wa yake yi wa dariya. Me za ta ce?"

Yaya ta daɗe tsaye. Sai ta lalubi kujera ta zauna, ta toshe baki da gefen mayafi.

"Rabona da ganin haƙoransa haka tun yana yaro..."

Hawaye na bin kumatun Auta, ta ƙi sharewa.

"Mayar da kanki, ƙanwata," Yaya ta ce da muryar kuka. "Ki yi mana babba. Mama kuma ki bar ni da ita."