Rabin Fuskar Kulu

Ranar kasuwar Gidimuni Nafisa ta fara ganin Kyari, yana zaune gindin dabino da 'yar kwamfutarsa laftof bisa cinya, jakarta a gefe, yana gyara wa mutane tsofaffin hotuna. Ta miƙa masa nata. Shi kaɗai ne hoton mahaifiyarta Kulu, wadda ta rasu tun Nafisa tana goye, ga shi ɗigar ɗaki ta cinye rabin fuskar.

"Malam, zai gyaru?"

Ya dubi hoton, ya dubi wadda ta kawo shi, ya kasa sauke ido.

"Zai gyaru, amma sai kin riƙa zuwa duba aiki."

Ta kuwa riƙa zuwa. Mutumin da ke gama aiki kafin shayi ya huce, sai ga hoto ɗaya ya gagare shi har damina ta yi nisa. Saƙonni kuma suka fara kai da kawo a salula.

"Mai jaka, ka ci abinci?"

"Na ci, Nafina, amma bai zauna ba tunda ban ji muryarki ba."

Da magana ta kai ga mahaifinta, Malam Yakuba, sai ya girgiza kai. Shi hankalinsa ya fi kwanciya da wani manemin nata, Suma'ila, mai shago a Damagaram cike da manyan kwamfutocin tebur.

"Wancan yana da mazauni. Wannan fa, sana'a a jaka kamar mai tallar turare? Yau Hamdara, gobe wani gari. Ba ni ba da 'yata ga mai yawo."

Ana cikin haka Nafisa ta zo kasuwa, ta hango Kyari ya ƙura wa hoton wata kyakkyawar budurwa ido, har da murmushi. Kishi bai bar ta ta matsa kusa ba. Ta juya gida zuciya na zafi, ta rubuta masa:

"Ashe akwai wata. Allah ya bar ku tare."

"Akwai, Nafina. Gobe da hantsi zan kawo ta gidanku."

Washegari Kyari ya durƙusa a zaure ya gaida Malam Yakuba. Idon tsohon ya yi rauni, ba ya ganin komai a salula, ciwon ƙafa kuma ya raba shi da zuwa birni. Kyari ya buɗe laftof a kan tabarma, ya ƙara wa hoton budurwar nan girma har ya cika gilashin.

Tsohon ya sunkuya, ya kai yatsa a hankali.

"Kulu... Wallahi Kulu ce. Har da wushiryarta. Yaro, ina ka samo rabin da ruwa ya ci?"

"A fuskar Nafisa, Baba. Shi ya sa aikin ya daɗe."

Nafisa tana laɓe bayan zana, kunya da kuka suka haɗe mata: ashe da mahaifiyarta ta yi kishi.

Malam Yakuba ya share ido da bakin rawani.

"Da a kan tebur aka girke abin nan, da Kulu ba ta sake shigowa zaurena ba. Je ka turo magabatanka."

Bayan an kai gero rumbu aka ɗaura aure. Da za a fita da amarya, tsohon ya sa aka buɗe hoton, ya riƙo hannun 'yarsa.

"Kulu, ga 'yarki nan za ta ɗakinta. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

Gida duka ya amsa da amin.