Ƙafafun Teburin Auta

Tas! Kofin ruwan ya tarwatse a gaban mahaifiyar Kafinta, saurayin Auta.

Auta ta tsaya tana kallon hannunta na dama kamar na aro. Wallahi ba ta san lokacin da yatsun suka saki ba. Zugin nan kawai ta ji, ya taso daga ƙeya, ya ratsa kafaɗa, ya sauka har ɗan yatsa.

Yau ce rana ta farko da Mama ta tako shagon ɗinkin Auta don ganin yarinyar da ɗanta ya nace wa. Kuma ba ita kaɗai ta zo ba, har da 'yar ƙanwarta, wadda ta daɗe da sa ido a kan Kafinta.

"Ai na faɗa miki, Mama," in ji 'yar ƙanwar tana taɓe baki. "Ko gaisuwa aka yi mata sai ta gama yanga kafin ta waiwayo. Girman kai ne zalla, yanzu kuma ga wurgi da kofi!"

"Mama, ki yi haƙuri... ba da gangan..."

Mama ta kakkaɓe zaninta ta miƙe. "Maganar auren nan a dakata tukuna."

Suna fita Auta ta fashe da kuka.

Shekara biyu ke nan tana fama da ciwon wuya. Asibiti uku, kowa ya ce bai ga komai ba. Wani likita ya ce gajiya ce, yayarta ta ce son jiki ne irin na 'yan auta. Sai watan jiya babban hoton asibiti ya tona asiri: faifan da ke tsakanin ƙasusuwan wuyanta ne ya goce yana danne jijiya. Ba a yi mata alkawarin warkewa ba, lallaɓawa aka ce. Ta cusa takardar a ƙasan akwatin zare, ta ci gaba da ce wa Kafinta lafiya lau.

Da la'asar sai ga shi, fensir a bayan kunne, garin katako a gira.

"Autata, me ya faru? Mama ta ƙi ko kallona."

Ta miƙa masa takardar. "Karanta. In ka gama ka je ka nemi mai lafiya... ni na yafe maka."

Ya karanta har ƙarshe, ya ninke. Ko gezau.

"Leƙa ƙafafun teburinki."

"Wasa kake yi da ni? Ina maganar rabuwa kana maganar tebur?"

"Leƙa mana, zuciyata. A hankali, kar ki sunkuya."

Ta durƙusa. A ƙarƙashin kowace ƙafa akwai guntayen katako uku, ɗaya kan ɗaya, an shafe su da fenti ɗaya da teburin.

"Ba ka ce girgiza yake yi ba?"

"Ƙarya na yi, Allah ya yafe mini. Tebur na girgiza sau uku a wata biyar? Ai da na bar sana'ar!" Ya sassauta murya. "Ina ganinki kina murza wuya in kin daɗe a kan keke. Ina ganin almakashi na suɓuce miki. Sai nake ɗaga shi kaɗan-kaɗan don ki rage sunkuyo."

"Ka sani... shi ne ba ka tambaye ni ba?"

"Na tambaya sau nawa? Jira nake ki yarda da ni."

Kunya da godiya suka taru suka cika mata ƙirji. Wannan bawan Allah, ashe tun kafin likita ya gaskata ta shi ya gaskata!

"Ban da wahala ba abin da zan kawo maka," ta ce hawaye na zuba.

"Ni na ce ina so. Ki ba ni izini in kai wa Mama takardar nan."

Ta ba shi.

Bayan kwana uku Mama ta dawo, ita kaɗai.

"'Yata, na ɗauki alhakinki. Me ya hana ki faɗa?"

"Tsoro, Mama. Kar ki ce na zo wa ɗanki da jinya."

"Jinya? Je ki ga abin da yake yi! Duk kantocin ɗakin girkinku ya sauke, wai matarsa ba za ta ɗaga kai ba. Ni da na haife shi shekara guda ina roƙon ya gyara mini ƙofa!"

Auta ta yi dariya cikin kuka.

"Mai bakin nan kuwa na ja mata kunne," Mama ta ƙara. "Ku tsayar da rana."

Ciwon bai tafi ba. Ko ranar auren bai ɗaga mata ƙafa ba, tun safe yake sukar kafaɗa. Ana ta kiran su fito ɗaukar hoto, Kafinta ya matso kusa da ita.

"Yaya wuyan?"

Bakinta ya ɗauko "lafiya lau" kamar kullum, sai ta haɗiye.

"Yana yi... sosai."

Ya jawo mata kujera, ya zauna a gefenta.

"Alhamdulillah da kika faɗa. Zauna, amaryata. Su jira."