Ƙafar Anti Birki

Rana ta yi ja, ana shirin kiran magariba, lokacin da Anti Birki ta karyo kwanar layinsu a sabuwar motarta. Shekara goma sha tara ke nan tana koya wa mata tuƙi, kuma ɗalibanta ne suka laƙaba mata wannan suna, don ba a tafiyar minti biyar da ita ba ta daka tsawar "Birki!" ba. Motar kuwa satinta uku da fitowa daga kamfani, ko ledar kujeru ba a gama cirewa ba. Auta, 'yarta mai shekara goma sha shida, tana zaune a gefenta.

Get ɗin a buɗe yake. Ta ɗaga ƙafa daga totur ta ɗora a birki kamar yadda ta saba, sai motar ta yi gurnani ta zabura. Ta taka da duk ƙarfinta, ta taka har ta miƙe daga kujera, amma ina. Suka ratsa tsakar gida, suka yi awon gaba da igiyar shanya, suka daki tsohon siton da ke ƙarshen gidan, wanda ba a taɓa buɗewa ba tun da suka tare. Bango ya rufto a kan motar. Daga nan sai shiru, sai ƙura tana sauka a hankali. Allah ya tsare, Auta goshi kawai ta fasa.

Washegari manajan kamfanin ya zo da na'urarsa, ya jona wa motar, ya yi 'yan danne-danne, ya ce lafiyarta ƙalau.

"Hajiya, kowa na iya kuskure. Ƙafa ce ta zame kan totur. Ki sa hannu a nan, mu gyara miki kyauta."

"Ni kake gaya wa inda birki yake?" ta ce. "Kana rarrafe nake tuƙi."

Ta ƙi sa hannu. Mijinta, Baban Auta, mutum mai son zaman lafiya ko ta halin ƙaƙa, ya yi lallashin duniya, ta ce sai dai a yanke hannun. Ta san abin da takardar ke nufi: malamar tuƙin da ba ta bambance birki da totur ba, makarantarta ta mutu. Kafin sati ya zagayo ɗalibai biyar sun daina zuwa, kuma abin ya yi mata ciwo fiye da yadda ta bari a gani.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. A magaribar kwana na uku aka fara jifa. Dutse ɗaya a kan kwano, sai shiru mai tsawo, sai wani. Baban Auta ya zagaya gidan da tocila bai ga kowa ba, amma duwatsun da ya tsinto duk ɓaraguzan sito ne. Magariba ta gaba suka ji injin mota na gurnani a tsakar gida, alhali shi da hannunsa ya cire batirin ya ajiye a ɗaki. Auta ta daina cin abinci. Da rana ta faɗi sai ta zauna a bakin gado, idanu a kafe, tana danna ƙafar dama a ƙasa har farcen babban yatsa ya fashe.

'Yan uwa suka cika gida, kowa da bakinsa. Ai ga shi nan, in ji su, aljanu ne suka fizgi motar tun farko. Baban Auta har da ajiyar zuciya, don ya samu wanda zai ɗauki laifi ba tare da an je kotu ba. Ita kuwa ranta ya ƙara ɓaci. Jiya ita ce, yau aljani, kowa dai ban da wanda ya ƙera motar. An bar jaki ana dukan taiki.

Duk da haka 'ya ta fi suna. Ita da kanta ta je ta ɗauko Malam, wani dattijo marar hayaniya da ya daɗe yana ruƙiyya. Ya zo bayan la'asar, ya zauna a kan tabarma, ya fara karatu a hankali. Inuwa ta yi tsawo a tsakar gida, kaji suka shige akurki. Can Auta ta sandare, wuyanta ya juya, wata tsohuwar murya mai kaushi ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai? Me ka zo nema a jikin baiwar Allah?"

"Mai sito ne. Tun ba a aza harsashin gidan nan ba nake wurin, ban taɓa ɗaukar musu ko cokali ba. Aka rushe mini ɗaki, aka karya wa iyalina ƙugu."

"Kai ka tura motar?"

Muryar ta yi wata dariya marar daɗi. "Ni zan rushe ɗakina da kaina? Ku 'yan Adam, ku ƙera abu ya lalace, ku ce mu ne. Ƙafar da ta taka nake so. A ba ni ita in fita."

Kowa ya ja da baya. Anti Birki kuwa ta matso ta cire takalmi, ta ɗora ƙafar a gaban 'yarta. Tafin ƙafar har yanzu da shatin jinin da ya kwanta tun ranar haɗarin.

"Ga ta. Amma kana wurin, kai kaɗai ne ganau. Don girman wanda ya halicce ni da kai, wanne na taka?"

Malam ya ɗaga murya da karatu, Auta ta murɗe.

"Birki!" muryar ta fashe. "Birki ta taka! Jar fitilar baya tana kunne tun daga get, har ta haske katangar maƙwabta. Na gani."

Baban Auta ya sunkuyar da kai, ya kasa haɗa ido da matarsa.

"To ba ƙafata kake bi ba," ta ce. "Zan gina maka sito da bulo, in sa ƙofa in rufe. Ka sakar mini 'ya yanzu, ba gobe ba."

"Motar ta bar gidan nan kafin wata magariba."

"Ko ba ka faɗa ba."

Malam ya sa aljanin ya yi rantsuwa sau uku. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, ta buɗe ido ta ce, "Mama, yunwa nake ji." A nan ne Anti Birki ta yi kukan da ta riƙe sati guda.

Maganar jar fitila ba ta bar kanta ba. Da sassafe ta tsallaka shagon mai sayar da magani da ke fuskantar get ɗinsu, ta roƙe shi ya duba kyamarar tsaron shagonsa. Ga motar nan tana zabura, ga fitilun birki biyu jawur har ta shige. Baban Auta da kansa ya je ya kira janwe ta ja motar.

Aka sauke motar a ƙofar kamfani, da ƙasar bango a kanta. A ciki manaja na miƙa wa wani saurayi da matarsa mai tsohon ciki makullin irinta sak. Anti Birki ta ajiye takardar manajan ba sa hannu, ta ɗora wayarta a kai ta kunna bidiyon, ta juya ta yadda su ma za su gani. Saurayin ya kalla har ƙarshe, ya mayar da makullin kan tebur.

Manaja ya juyo gare ta. "Hajiya, wa ya ce ki duba kyamara?"

"Wani maƙwabcina da motarku ta rushe wa ɗaki," ta ce, tana jawo kujera ta zauna. "Kira mini na sama da kai. In kuma shaidar ba ta ishe ku ba, zan ba shi adireshin nan, ya zo muku da kansa da magariba."